Me ya sa aikin raya karkara ba ya daɗewa a ƙauyukan Zazzau?

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Giwa, ko ta Soba, ko ya bi ta Basawa ya nufi Hunkuyi, ya san allunan nan da ake kafawa a bakin gari. Allon rijiyar burtsatse, allon ɗakin shan magani, allon ajujuwa biyu da ofis, kowanne da sunan wanda ya kawo aikin da shekarar da aka yi shi. Sai ka shiga garin ka tarar fanfon ya daɗe da mutuwa yara na wasa a kan kankaren, mata kuma sun koma tsohuwar rijiyarsu da guga. To wannan shi ne ainihin abun da nake so mu yi fashin baƙi a kansa, dan maganar ci gaba mai ɗorewa da ake ta yi a taruka da rediyo in ba a sauko da ita nan ba wallahi ba ta da amfani ga mutumin ƙauye.

A taƙaice dai maganar ta samu karɓuwa a duniya ne a 1987, lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ya ce ci gaban kirki shi ne wanda zai biya buƙatar mutanen yau ba tare da ya cinye rabon waɗanda za su zo gobe ba. A 2015 kuma ƙasashe suka amince da muradu 17 da ake so a cimma kafin 2030, su yunwa, talauci, lafiya, ilimi, ruwa da sauransu. Nijeriya ta sa hannu. Amma a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, ba na kuɗi kaɗai ba har da rashin ruwa da asibiti da makaranta da makamashin girki, kuma a karkara kashi 72 cikin 100 ne abun ya shafa, a birni kashi 42. Kun ga inda nauyin yake.

Ni yadda na fahimci lamarin, matsalar ƙauyukanmu ba rashin ayyuka ba ce, an yi ayyuka kam. Obasanjo ya yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya zo da nashi na juyin noma a 1980, Babangida ya kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986 dan hanyoyi da ruwa da wutar karkara, aka yi shirin noman Fadama na ɗaya da na biyu da na uku da kuɗin Bankin Duniya, aka yi bashin manoma na Babban Banki daga 2015. Matsalar lissafi ce na shiga da fita. Kullum ƙauye fitarwa yake, yana fitar da ƙarfin ƙasarsa a cikin buhu, yana fitar da itacensa a matsayin gawayi, yana fitar da amfaninsa a farashi mai arha, yana fitar da samarinsa, abun da ke dawowa kuma bai kai rabin abun da ya fita ba. Kamar mai ɗiba a rumbu ne kullum ba ya zubawa, komai girman rumbun ranar da zai ga gindinsa na nan tafe.

Bari mu fara da ƙasa dan ita ce jarin farko. Yankinmu na samun ruwan sama wajen milimita 1000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, ruwa ne mai kyau da ya ishe kusan duk abun da muke nomawa, amma ƙasar tudunmu ba mai ƙarfi ba ce can, in aka matsa mata tana saurin gajiya. Iyayenmu sun san haka shi ya sa suke da dabarunsu. Suna barin gona ta huta ta zama saura, suna kwashe takin gida da toka da jakuna su kai gona tun da rani, bayan kaka kuma Bafulatani ya zo ya yi zango da shanunsa a gonar su ci kara da karmami su bar kashi, wani lokaci ma mai gona ne zai ba shi hatsi dan ya daɗe. Sannan ba sa shuka abu ɗaya, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a gona guda, ga ɗorawa da kaɗanya da kuka a tsaye ba mai taɓa su. Turawan gona na farko sun ɗauki wannan haɗe-haɗen a matsayin rashin wayewa, sai a shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma David Norman da abokan aikinsa na jami'ar ABU suka zauna suka bi diddigin manoma a Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, suna auna aiki da amfani, suka gano cewa manomin nan yana da gaskiya, haɗa shuka ya fi ba shi riba a fili ɗaya kuma ya fi kare shi in shekara ta ƙi. Wannan binciken a nan ƙasar Zazzau aka yi shi kuma ya taimaka wajen canja yadda masana noma a duniya ke kallon ƙaramin manomi, abun takaici mu da aka yi a gidanmu ba mu riƙe darasin ba.

Abun da ya juya komai shi ne masara. Da can masara ta bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya. Daga 1975 da aka fara shirin raya noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, aka kawo ingantaccen iri irin su TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan, aka kawo takin zamani wanda gwamnati ke ɗauke mafi yawan kuɗinsa, nan da nan masara ta mamaye gonakin dawa da gero. Kuma gaskiya ta yi wa mutane rana, da kuɗin masara aka yi kwanon rufi, aka sayi babur, aka je Makka, ba wanda zai musa wannan. Sai dai masara akwai ci, ba ta yi sai da taki, kuma shi kamfa da yuriya abincin shuka ne na shekarar, ba sa gina jikin ƙasa. Ga shi an daina hutar da gona saboda jama'a sun yi yawa, kara an kwashe shi dan girki da danni da shinge, harawa an ɗaure an kai kasuwa, abun da ya rage a cinna mai wuta lokacin sharar gona. Shekara arba'in da wani abu ana haka. Shi ya sa za ka ji dattijo yana cewa gonar da a da buhu biyu na taki ke isar ta yanzu sai an ninka kuma ba ta ba da abun da take bayarwa. In ka ga ƙuduji ya yi jajir a gonar dawa ko masara to ƙasar ce ke gaya maka ta gaji.

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma aka sake ta a watan da ya biyo, kuɗin taki da na feshi da na huɗa duk suka tashi lokaci guda, a nan ne asirin tsarin ya tonu, dan noman da ya dogara kacokan kan abun da ake saye da dala ba a hannun manomi yake ba. Da yawa sun gudu daga masara sun koma dawa da waken suya, kuma ni a ganina wannan gudun akwai alheri a ciki in aka mai da shi tsari. Waken suya da gyaɗa da wake suna da ƙulle-ƙulle a saiwarsu da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda muke saye a buhun yuriya, sannan wasu irin waken suya suna yaudarar ƙwayar ƙuduji ta tsiro ta rasa abun kamawa ta mutu. Wanda ya yi waken suya bana ya bi da masara baɗi zai ga bambanci. Ba wai a bar takin zamani ba ne, a'a, masu cewa haka ba su taɓa ciyar da gida mai mutum ashirin daga gona ba. Maganar ita ce a haɗa shi da takin gida, a binne shi kusa da shuka maimakon watsawa rana ta ƙone ruwa ya wanke, a bar wani abu na kara ya ruɓe a gona. Manoman gefen gari da ke sayen sharar bola a tifa su ma sun san amfaninta, matsalar yanzu rabin sharar leda ce da batir da fasassun kwalabe, kuma ledar nan ba ta ruɓewa, tana nan a gona tana hana ruwa shiga, akuya ta ci ta mutu.

Batun itace kuwa yana ci min rai ƙwarai. Zariya gari ne da aka sani da rimi har unguwanni suka ci sunansa, amma je ka ƙauye ka ƙirga ɗorawa nawa ce ƙarama mai tasowa, kusan duk tsofaffi ne, in sun faɗi shikenan. Gas ya yi tsada, kananzir ya fi ƙarfin talaka, birni gaba ɗaya ya koma gawayi, gawayin nan kuma daga dajin ƙauye yake zuwa. Wanda ya sare kaɗanya ya samu kuɗin buhu kaɗan sau ɗaya, matarsa kuma ta rasa man kaɗe na duk shekara, haka ɗorawa da kalwa da daddawa, galibi kuɗin mata ne ake ƙonawa. Ban ce a kama mai gawayi ba, yunwa ce ta kai shi. Amma dashen itacen da ake yi na biki, a dasa dubbai a watan Agusta ba mai ban ruwa ba mai shinge, shi ma ba magani ba ne. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya mafi sauƙi tun daga shekarun 1980, maimakon dasa sabo sai manomi ya bar kututturen da ke tohowa a gonarsa, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya sassabe sauran, a haka aka farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a ƙasar da ba ta samun ruwan da muke samu. Abun da ya sa ya yi aiki a can shi ne manomi ya tabbata itacen nashi ne, ba na ma'aikacin daji ba. Ga gawo kuma da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi ganye da rani dabbobi su samu, ƙarƙashinsa kullum ya fi yabanya.

To a ce ƙasa ta ba da amfani, saura kasuwa, kuma nan ne jini ya fi zuba. Manomi yana girbi ne da bashi a wuyansa, na taki, na 'yan ƙwadago, ga kuɗin makaranta, ga bikin da aka ɗaga sai kaka, ga mara lafiya. Dole ya kai kasuwar Giwa ko Anchau ko Makarfi a watan da kowa ya kai, lokacin da farashi ke ƙasa, mai kuɗi ya saya ya zuba a sito. Watan Yuli da Agusta in rumbu ya ƙare sai shi manomin ya dawo yana awon tiya-tiya a farashin da ya fi wanda ya sayar. Mafi muni shi ne ba da kaka, a ba ka kuɗi ko taki da damina ka biya da buhu in an girbe, a farashin da mai bayarwa ya yanka tun kana cikin matsi. Malamai sun yi bayanin cinikin salam, wato biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, da sharuɗɗansa a shari'a, amma abun da ake yi a wurare da yawa ya wuce nan, cin gumin mai rauni ne kawai. Duk shirin da bai taɓa wannan wata uku zuwa huɗu na tsakanin girbi da tashin farashi ba, to bai taɓa talaucin ƙauye ba. Ajiya ce maganin, da ɗan bashin da zai riƙe mutum ya jira. Buhun PICS mai ciki uku da ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da magani ba yana nan a kasuwa, ya fi buhun gama-gari tsada amma ana sake amfani da shi. Ya fi dai zuba fiya-fiya a wake, wanda shi ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuma nan gida muna ci da 'ya'yanmu ba mai aunawa.

Kayan gwari nasu ya fi haka zafi dan ba sa jira. Tumatir a Kudan da Ikara da Soba in ya yi yawa kwando sai ya koma bai biya kuɗin mota ba, a yanka a shanya a ƙasa ko a zubar. An gina kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun farkon shekarun 1980, ya shafe shekaru masu yawa a rufe. A 2016 kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Wato shekarar da ya yi kyau ba kasuwa, shekarar da akwai kasuwa ba tumatir. Mun ga irin wannan a auduga, tun zamanin Turawa akwai injin gurzar auduga a Zariya, masaƙun Kaduna da aka fara buɗewa a 1957 na saye, ƙauyuka da yawa da ita suke biyan haraji da aure, da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000 sai noman ya bi su. Sannan ga gwamnati da hannunta, a Yulin 2024 ta buɗe kwana 150 na shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji dan a sauƙaƙa wa masu saye, kuma mutanen birni sun ji sauƙi, wannan gaskiya ne, amma a 2025 farashin hatsi ya faɗi taki bai faɗi ba, wanda ya noma da tsada ya sayar da arha. In za a sauke farashin abinci to a sauke na abun da ake noma shi da shi, in ba haka ba baɗi wa zai koma gona?

Bashin gwamnati ma sai an faɗi gaskiya ta ɓangare biyu. Sau da yawa kayan na zuwa a makare, iri ya iso bayan an gama shuka, taki ya iso masara ta fara fitar da kai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sunayen kuma a ofis da gidan ɗan siyasa ake rubuta su, manomin waya ya karɓa ya sayar a bakin kasuwa. Amma mu ma akwai namu, mutum ya karɓi bashi yana cewa rabonsa ne na arzikin ƙasa ba zai biya ba, ya toshe ƙofa ga na bayansa. Matar da ke zubin adashe ba ta taɓa cewa haka, dan ta san masu kuɗin kuma da su za ta haɗu a gidan suna.

Wannan ya kawo mu kan maganar gyara, wadda ita ce zuciyar ɗorewa. Fanfon tuƙa-tuƙa ba ya mutuwa da babban ciwo, roba ce ke cinyewa, ko sanda ta kwance, ko sarƙa ta tsinke, abun kuɗi kaɗan. Abun da ke kashe shi shi ne ba a san mai shi ba. Ɗan kwangila ya haƙa ya tafi, ɗan majalisa ya ɗauki hoto ya tafi, mutanen gari na kiransa fanfon gwamnati suna jiran gwamnati. Garin da za ka tarar fanfo ya shekara da shekaru yana aiki, bincika za ka samu akwai kwamiti, akwai ɗan abun da kowane gida ke bayarwa duk wata ko duk kaka, akwai wani yaro da aka koya wa kwancewa da ɗaurawa, kuma sau da yawa mace ce ke riƙe da asusun dan ita ta san wahalar ɗiban ruwa. Kalli masallacin Juma'a na kowane ƙauye, ba wanda ya kawo shi daga Abuja, amma in iska ta yaye kwano kafin sati an mayar. Mutanen da ke iya wannan, da aikin gayya na cike hanya, ba za a ce ba su iya riƙe abu ba, ba a sa su a ciki ba ne tun farko. An kashe maƙudan kuɗi a aikin ruwan Zariya, madatsar Galma a ƙaramar hukumar Kubau da matatar da ke iya tace lita miliyan 150 a rana, aiki ne babba, amma ƙauyen da ke nesa da bututu har gobe rijiya da tuƙa-tuƙa ne gatansa, kuma hukumar da ya kamata ta kula da waɗannan ƙananan abubuwa ita ce ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau, sai dai kuɗin ko sun iso Giwa ko Maigana in ba mai tambayar kansila da ciyaman nawa ya shigo me aka yi da shi, wurin ɓacewarsu ne kawai zai canja.

Lafiya ma haka. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255 kuma an ɗauki tsarin a samu cibiyar lafiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya dan irin waɗannan cibiyoyi. An gyara gine-gine da yawa. Amma naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba, in ma'aikaciyar a cikin gari take kwana, ƙarfe biyun dare ginin bai da amfani, sai a ɗora mace a babur ko a kwantar da ita a bayan akori-kura a nufi asibitin Shika ko na Gambo Sawaba, in damina ce kuma rafi ya kawo sai dai addu'a. Shi ya sa 'yar garin da ta yi karatun ungozoma ta fi sabon fenti daraja, ita ba inda za ta, kuma ba za a same ta ba sai an bar yarinya ta gama sakandare maimakon talla. Ciwo ɗaya babba kuma ya isa ya sa a jinginar da gona, jingina kuma sau da yawa daga ita sai sayarwa.

Wani abun da ke ɗaure min kai shi ne, duk ƙasar nan ba inda ilimin noma ya taru kamar nan. Samaru ta fara bincike tun 1922, ga cibiyar binciken noma ta IAR da ta fitar da irin masara SAMMAZ da dawa SAMSORG da gyaɗa SAMNUT da wake SAMPEA, har da waken SAMPEA 20-T na 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso, ga NAERLS mai aikin kai ilimi ga manoma, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika da kazarta Shika Brown. Mutane na zuwa daga wasu ƙasashe su ɗauka. Amma ƙauyen da bai fi tafiyar rabin awa daga Samaru ba za ka samu manomi na shuka hatsin da ya auno a kasuwa, shawarar feshi kuma mai shagon magani ne ke ba shi, wanda shi burinsa ya sayar, yaro ya goya injin feshi ba takalmi ba abun rufe hanci ya wanke a rafin da ake sha. Gadar da ke tsakani ita ce malamin gona, tsofaffin KADP, hukumar raya noma ta jihar Kaduna, sun yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, waɗanda suka rage ba babur ba mai. Gonar gwaji ɗaya a bakin hanya wadda manomi zai gani da idonsa ta fi taron bita goma a otal, kuma 'yan ƙungiyar raya noma ta Sasakawa sun gwada haka a jihar nan tun shekarun 1990 mutane sun ɗauka.

Tsaro kuwa ba sai na ja ba, duk wanda ke da dangi a yammacin Giwa ko Birnin Gwari ya san shekarun da aka yi gona ta gagara zuwa, aka sayar da shanun huɗa aka biya kuɗin fansa, wasu suka taso suka cika gefen Zariya. Sulhun da aka yi a Birnin Gwari ƙarshen 2024 ya sa an buɗe kasuwa wasu sun koma gona, Allah ya ɗorar. Amma a tuna tsohuwar alaƙar manomi da makiyayi ta taki da kara ta lalace ne tun lokacin da aka nome burtali da mashaya, kuma ba za a gyara ƙasa ba tare da dabba ba.

Ƙasar ma kanta raguwa take. Gandu ya watse, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha ne a kanta kowa da ɗan yankinsa. Ta gefen gari kuma fuloti na cinye ta, Hanwar da aka yi wancan binciken a matsayin ƙauyen manoma yanzu unguwa ce a cikin gari, haka ake bi ta Dakace da Basawa da Shika. Mutum ya sayar da gonar gado ya sayi Keke Napep ko ya ƙara aure, shekara kaɗan keken ya tsufa gonar kuma ta zama gidan wani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, amma manoma ƙalilan ne ke da wata takarda, ranar da aka zo karɓar fili dan wani aiki diyyar amfanin da ke kai kawai za a lissafa. Samari kuma da a da cin rani suke zuwa su dawo da ruwan farko, yanzu Abuja da Legas da Fatakwal ne a kan achaɓa, sai dai su aiko da kuɗin taki ta waya. Ban ga laifinsu ba, wata shida na rani ba abun yi a gari me zai zaunar da su?

Abun da na ga yana iya zaunar da su shi ne fadama. Bakin Galma da ƙananan rafuka da ke zuba a cikinta, rake da albasa da tumatir da attaruhu da karas da masarar rani, mai kadada ɗaya a fadama yana iya fin mai uku a tudu. Fetur ne ya so ya kashe harkar bayan 2023, sai ga injin ban ruwa mai sola ya fara shiga, tsadarsa a saye ne kawai bayan nan rana kyauta ce, kuma mutum huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su saya su yi karɓa-karɓa. Sai dai a nan ma akwai abun lura tun yanzu. Da fetur mutum na kashe inji dan tsoron kuɗi, da sola ba abun da zai sa ya kashe, in kowa ya kafa nashi a fadama ɗaya ruwan ƙasa zai ja baya, na ƙasan rafi da masu shayar da dabbobi su rasa, dan haka sai masu fadama ɗaya sun zauna da sarkin noma da mai gari da arɗo sun tsara ranakun ban ruwa da inda za a bar wa shanu hanya. Masu noma da ruwan Kubanni bayan ya ratso gari ya kwashi ƙazantar kwata su ma a taimaka masu da rijiyoyin fadama, dan latas da kabejin nan ɗanye ake cinsu. Sannan injin sola shi ma zai lalace wata rana, in sai an ɗauko mai gyara daga Sabon Gari ko PZ to zai bi sahun tuƙa-tuƙa, gara tun ranar da aka kawo shi a haɗa da yara biyu 'yan garin da za a koya wa aikin, a kuma tabbatar akwai shagon da ke da kayan gyaransa a kasuwar da ta fi kusa.